Kyaftin a Kujerar Baya

Tun yaushe nake ce wa Yaya ya kwashe ragowar kwanon rufin nan daga bayan famfo? Bakina har ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce, "Gobe." To, ga goben ta zo.

Ina shanya da safe na ji kukan Kyaftin, karen Baba. Ɓera ya biyo, ya afka cikin tarin kwanon, bakin wani ya tsarge masa ƙafar gaba. Kafin in ƙarasa wurin, jini ya malale a siminti.

Kyaftin ba kare ba ne kawai a gidanmu. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, maganarsa ta ɗauke. Abinci ma ba ya yarda ya ci sai karen yana kwance a ƙafarsa. In Kyaftin ya fito tsakar gida, Baba ya ja ƙafa ya biyo shi, motsa jikin da likita ya yi ta roƙo bai samu ba ke nan. Idan karen nan ya mutu, na san wanda zai bi bayansa.

Na fizgo tawul daga igiya. Ina kai hannu ya kawo mini cizo, ni da nake zuba masa abinci. Ban ga laifinsa ba, azaba ba ta san na gida ba. Na cire ɗankwalina na naɗe masa baki, na ƙulle a bayan kunnuwa, na bar hancin a buɗe. Sannan na ninke tawul na danne raunin da hannu biyu da dukan nauyina.

Daga nan hannuwana sun tashi daga nawa. In na ɗaga, jini ya dawo. Baki kaɗai ya rage mini, shi kuwa ban yi masa rowa ba.

Na ƙwala wa Yaya kira. Ya fito cikin farar riga, yana ƙamshin turare, mukullin mota a yatsa.

"Subhanallahi. Me ya same shi?"

"Gobenka ce ta same shi. Miƙo mini wancan tawul ɗin."

Ya miƙo da kan yatsu, yana ja da baya don kada takalminsa ya taka jini. Na ɗora shi a kan na farko ba tare da na cire ba.

"Ɗaga mu gani mana," in ji shi. "Bakanikena ya ce man birki yana tsayar da jini."

"Man birki? Ƙafa ce ko taya? In na ɗaga, wanda ya fara daskarewa zai ɓalle. Buɗe mota, asibitin dabbobi za mu."

Sai ya juya ya kalli motar. Sabuwa ce, kujerunta farare tas, ko 'ya'yansa ba ya bari su ci biskit a ciki. Wallahi na ga lissafin a fuskarsa.

"Bari in nemo tasi, ƙanwata."

"Wane direba ne zai ɗauki kare cikin jini? Yaya, kwanonka ne ya yanke shi. Yau ba don hannuna yana kan dabbar nan ba, da na manta cewa ka girme ni."

"Ki iya bakinki."

"Kai ka iya tsakar gidanka?"

Jikin Kyaftin ya fara rawa, numfashinsa sama-sama. Tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya ƙara mini haushi, har hawaye suka zubo, ba ni da hannun sharewa.

Sai na ji jan ƙafa a bayana. Baba ne, ba sanda, yana jan bargonsa da hannun mai lafiya. Ya yafa wa karen. Bai tsaya ba, ya wuce mu, ya bi bango har inda motar take, nisan da bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. Ya dafa ƙofar baya, ya dubi ɗansa. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da harshe.

"Buɗe."

Kalmarsa ta farko ke nan tun ranar da ciwon ya kama shi. Yaya ya buɗe. Da kansa ya tallabo Kyaftin cikin bargon, ni ina biye ina danne, farar rigar ta tashi daga aiki.

A asibiti sai da likitar dabbobi ta ɓamɓare yatsuna, don sun ƙage. Aka shiga da Kyaftin, ni da Baba da Yaya muka zauna a benci ba mai kallon wani. Da ta fito ta ce ta yi ɗinki, zai rayu, amma zai riƙa ɗingishi. Baba ya dubi tasa ƙafar, ɓarin bakinsa ya yi dariya.

Muka fito da Kyaftin muka tarar Yaya ya riga mu mota. Ya goge kujera, ya samo babbar leda ya shimfiɗe ta tsaf saboda komawa. Na buɗe baki zan fara, Baba ya taɓa kafaɗata. Ya sunkuya ya kama gefen ledar, ya janye ta a hankali, ya yar a ƙasa gaban takalmin Yaya. Sannan ya bubbuga farar kujerar da tafin hannu, yadda yake kiran Kyaftin ya hau gado.