Tafintar Majalisar Maƙwabta

Zorka ta gyara abin sauraro a kunnenta daidai lokacin da wakili Miodrag ya miƙe yana gyara kwat. Shekararta goma sha ɗaya a wannan ɗakin gilashin tana tafinta wa majalisar da ƙasashe uku suka kafa bayan yaƙi. Kafin yaƙin harshensu ɗaya ne. Bayansa kowace ƙasa ta raɗa masa sunanta, aka kuma kafa doka cewa ba wanda zai ji na wani sai ta bakin tafinta. Aikinta ke nan: mutum ya ce ina kwana, ta ce ina kwana. In an fita shan kofi kuwa, tare wakilan suke tsegumi suna ƙyalƙyala dariya.

Yau batun gada ne, karo na tara. Ana so a bar motar asibiti ta riƙa tsallake kogi ba tare da biza ba. Mahaifin Zorka na can ƙauye a bakin kogin. Sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda, tafiyar awa huɗu, alhali daga tagarsa yana hango asibitin tsallake. Da safe ya ce mata a waya, “’Yata, ni fa na gaji da motar nan. Jibi ba za ni ba.”

Miodrag ya yi gyaran murya. “Ƙasata ba za ta amince ba, sai an rubuta sunan kogin yadda kakanninmu suka kira shi.”

Zorka ta danna maɓalli. “Ƙasata ta amince,” ta ce, “ko da wane suna aka kira kogin.”

Kowa ya ji abin da Miodrag ya faɗa da kunnensa, amma a doka ba wanda ya ji. Shugaban zaman, tsoho Krešimir na tsallaken kogi, ya dubi ɗakin gilashin ta saman tabarau, ya ɗan jinkirta, sannan ya buga guduma.

“An amince!”

Tafi ya ɓarke. Kafin Miodrag ya buɗe baki, baƙuwar da ta zo sa ido daga babbar majalisar Turai ta kama hannunsa tana girgizawa, masu kyamara suka yi masa caa. Wani ɗan jarida ya kira shi gwarzon zaman lafiya. Ga zaɓe saura wata guda. Miodrag ya haɗiye maganarsa, ya washe haƙora.

A baranda ya tare ta, fuska ja wur.

“Ke! Ƙarya kika yi mini. Yau kin bar aikin nan.”

“Wace ƙarya, ranka ya daɗe?”

“Cewa kika yi na amince! Da kunnena na ji ki!”

“Ikon Allah,” in ji Zorka. “Ai da harshen mutanen tsallake na yi magana. Ashe kana ji? To mu je ka faɗa wa ’yan jarida, ga su can ba su tafi ba.”

Miodrag ya dube su, ya dube ta. Krešimir ya zo wucewa da kofi a hannu, ya dafa kafaɗarsa.

“Maƙwabci, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma jawabinka ya ratsa ni.”

Da la’asar sakatariyar majalisa ta kawo wa Zorka ƙudurin, shafi guda.

“A fassara shi harsuna uku kafin a sa hannu. Wata uku za a ba ki, kamar kullum?”

“Tsaya nan,” in ji Zorka.

Ta ɗora takardar a kan injin kwafi, ta danna uku.