Idon Beatrice Bai Yi Ja Ba

Ranar da za a binne Baba Gershon, tsohon hedimasta, buhun albasa guda aka sauke a bayan gidansa a Kafanchan, aka ce matan 'ya'yansa su yanka. Haka ake yi a gidan, abincin 'yan makoki aikin surukai ne.

Su huɗu ne. Uku jiya suka iso daga Abuja da Kaduna, da anko sabon ɗinki da farce mai fenti. Ta huɗun ita ce Beatrice, matar Levi, wadda ta shekara biyu tana juya tsohon a gado, tana wanke masa zanen shimfiɗa, tana ba shi kunu da cokali. Kafin ya rasu abu ɗaya ya roƙa a gaban kowa: ita za ta karanta Zabura a coci ranar jana'izarsa.

Beatrice ta san albasa. Ta ɓare kasonta ta zuba a roba cike da ruwan sanyi, ta wasa wuƙa a dutse, ta juya kujera yadda iska za ta riƙa kwashe yajin. Tana ta yanka, idonta garau. Kukanta kuwa ta riga ta yi shi tun tsohon na da rai, lokacin da babu mai kallo.

Su kuwa faccalolin, da dakusasshiyar wuƙa suke murje albasa kamar masu faskare. Hawaye shaɓe-shaɓe, ga majina. Babbarsu, Milka, wadda sau ɗaya ta leƙo a shekara biyun nan, ta kawo lemo ta ɗauki hoto ta koma, ita ta fi kowa jan hanci.

"Anti Milka, ki jiƙa ta a ruwa mana," in ji Beatrice. "Ba za ta shiga miki ido ba."

"Bar ni, ƙanwata. Ba albasa ba ce. Baba nake tunawa."

Sai ga Gwaggo Hephzibah, ƙanwar mamacin, shugabar zumuntar mata, ta zo duba aiki. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. "Sannu, 'yata. Sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ku." Da ta iso kan Beatrice sai ta ja ta tsaya.

"Ke fa? Biki kika zo?"

"Gwaggo, ruwa na sa wa albasar, shi ya sa..."

"Ruwa! Mutum na kwance a mutuware, ke kina koya mana karatun kwalejin Gidan Waya. Da wannan busasshen idon za ki tsaya gaban coci? A ce mun gaji da shi, mun huta? Milka za ta karanta."

Milka ta share hanci da bakin anko. "To, Gwaggo. Zabura ta nawa ce ma?"

Beatrice ta ɗaga kai tana neman mijinta. Levi na can yana jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Ya ji komai. Da suka haɗa ido, sai ya sunkuya yana gyara ƙafar wata kujera da babu abin da ya same ta.

Ta ture robar ruwan da ƙafa. Ta zaro busasshiyar albasa daga buhu, ta karɓi wuƙar Milka, ta duƙar da fuska har hancinta na taɓa faranti, ta shiga murzawa. Gwaggo ta harɗe hannu tana jira, kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Albasa ta uku, idon ya kaɗa ya yi jawur, hawaye na ɗiga a kan wuƙar.

"Yauwa," in ji Gwaggo. "Ashe kina da zuciya. Tashi ki ɗauki Littafinki Mai Tsarki, motar gawa ta kusa. Kuma kada ki wanke fuskar nan sai an tashi coci."