Ƙunshin Juwairiyya

Ranar jajibirin sunan ƙaninta aka yi wa Juwairiyya ƙunshi. Kakarta Indo ce ta yi, kuma Indo ba ta san lalle sama-sama ba. Sau biyu ta ɗaura shi, har yatsun suka yi jawur, suka koma baƙi-baƙi. Duk matan Dingyadi da suka zo suna sai da suka yaba.

Kwana biyu bayan haka yarinyar ta faɗo daga amalanken albasa, ta dafe ƙasa da hannun dama. Ƙashin ya karye a saman gwiwar hannu. Shekararta bakwai.

Babanta Yahaya ya saɓe ta zuwa gidan Sodangi, maɗorin garin. Tsohon ya ja hannun, ya tofa addu'a, ya jera karare, ya naɗe da tsumma tun daga damtse har tafi, ya ɗaure tam. A yi masa adalci, ya yi gargaɗi.

"Ku riƙa dibin yatsun," in ji shi. "In kun ga sun yi baƙi, ku maido ta maza. In ba haka ba, kada wanda ya taɓa ɗorin ga sai ni."

Indo ta karɓi aikin dubawa, tunda uwar yarinyar na jego. Safe da yamma takan ɗaga hannun ta duba. Yatsu baƙi ne, kamar jiya, kamar ranar suna. Har daɗi take ji wai lallenta bai koɗe ba.

Juwairiyya ta yi kwana biyu tana ihu, tana cewa hannun na cin wuta. A rana ta uku ta yi shiru. Indo ta yi hamdala, ta aika wa maƙwabta cewa ƙashi ya kama.

Washegari da hantsi Yahaya ya tarar da 'yarsa zaune a tabarma, cinnaku na yawo a yatsunta, ita ko a jikinta. Ya taɓa, ya ji sanyi kamar randa. Bai nemi shawarar kowa ba, ya tare keke napep suka nufi asibitin Bodinga, Indo na biye tana mitar za a kwance ɗori ba da izinin mai shi ba.

Nas ɗin ba ta tsaya jin mita ba. Ta sa almakashi ta yanke tsumman, ta danna farce don ta ga ko jini zai dawo. Lalle ya rufe komai. Sai ta juya babban yatsa, wanda ke lanƙwashe a ƙarƙashin ɗorin. Shi kaɗai bai sha lalle ba, don Juwairiyya ta zare shi ranar ƙunshi ta tsotsa, har Indo ta ranƙwashe ta a kai. Yatsan ya yi shuɗi.

"Inna, yaushe ta bar kuka?"

"Jiya, ɗiyata. Na ɗauka sauƙi ne."

"Hannun ya kumbura cikin ɗorin, jini ya kasa wucewa. Sakkwato za ku, yanzu."

A can aka ɗauki hoto, aka yi tiyata. Ba a yanke hannun ba. Ƙashin ma ya haɗe lafiya, amma yatsun suka ƙanƙance suka lanƙwashe ciki, ba sa riƙe ko alli. Lallen ya bi farce yana fita a hankali, Indo ce ke yanke shi duk Juma'a har ya ƙare.

Da Sallah ta matso, Indo ta kwaɓa lalle, jikoki suka yi layi. Ta yi wa Juwairiyya ƙafafu, ta yi hannun hagu. Yarinyar ta ɗago na dama da ɗayan hannun ta ɗora mata a cinya.

"Inna, wanga hwa?"

Indo ta miƙe yatsa ɗaya, ta saki, ya koma. Ta miƙe na biyu, shi ma ya koma.

"Lalle ya ƙare," ta ce.

Juwairiyya ta leƙa kwanon. Ko rabin lallen ba a ɗiba ba.