Ƙafar da Ta Rufa wa Mota Asiri

Ranar Talata da hantsi tirela ta daki motar matar Malam a mahaɗar bakin kasuwa. Ranar Alhamis ta rasu.

Direban tirelar ya ce ya ga ta shigo titi, sai kawai ta yi turus a tsakiya kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kowa ya ce ruɗewa ta yi. Malam ya shekara talatin yana koyar da lissafi, ba ya karɓar amsa sai ya ga yadda aka yi aka samo ta. Wannan kam ya karɓa bai duba ba, don ta yi masa daidai.

Injin ko ƙwarzane bai yi ba. Mai gyaran bodi ya canza ƙofa, ya fesa fenti, Malam ya ci gaba da hawa wata biyar bai ji komai ba. Sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta sami aikin jinya a wancan ƙarshen gari. Ranar Litinin za ta fara, da motar za ta riƙa zuwa, kuma hanya ɗaya ce, ta mahaɗar nan.

Ranar Juma'a ta zaga unguwa da ita, ta dawo ta ajiye makulli a kan littafin da yake karantawa.

"Baba, motar nan in na taka totur sai ta tsaya shawara kafin ta tashi."

"Ba ki saba da ita ba ne."

"Mama ma ba ta saba da ita ba? Sau nawa ta gaya maka?"

Ya san sau nawa. Ya kuma san amsar da yake ba ta kullum, yana juya shafi: mota ba ta shawara, ƙafarki ce matsoraciya.

Da sassafe ya kai motar garejin Mai Kunne, tsohon bakaniken da ake cewa yana jin ciwon inji tun daga bakin titi. Tsohon ya kwance fulogi ya ga lafiya lau. Ya cire matatar mai ya hura, iska ta wuce.

"Ka gani?" in ji Malam, har da ɗan murmushi.

"Ban ga komai ba tukuna. Shiga ka tuƙa ni."

Suka fita. Mai Kunne bai kalli titi ko sau ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasan sitiyari. A tsayawa ta uku ya ɗaga hannu.

"Me ya sa kake taka totur sau biyu?"

"Sau ɗaya nake takawa."

"Malam, ka san littafi, ni na san ƙafa. Sai ka ɗan dangwala mata, ta farka, sannan ka danna. Wace mota ka riƙe kafin wannan?"

"Wata tsohuwa. Shekara ashirin."

"Mai son lallashi, ko? To ita ta horar da ƙafarka. Kana yi wa wannan magani kullum ba ka sani ba. Wanda ya taka sau ɗaya, yadda aka koya wa kowa, shi zai gamu da ita. Cire takalmin nan, mu je bayan makaranta inda babu kowa, ka taka sau ɗaya tak."

Malam ya cire takalmin. Amma bai nufi bayan makaranta ba. Ya karya kwana zuwa kasuwa.

"Ina za mu? Malam, ba nan ba!"

Ya tsaya a bakin mahaɗar, daidai inda matarsa ta tsaya kafin ta shiga titi. Can nesa wata babbar mota ɗauke da yashi tana gangarowa, da tazarar da ko mai keke zai tsallaka. Ƙafarsa ta motsa za ta yi dangwalen da ta saba, ya riƙe ta. Ya danna sau ɗaya.

Motar ta mirgina zuwa tsakiyar titi, injin ya yi wani gurnani a ciki, ya shaƙe. Ba ta mutu ba, ba ta tafi ba.

Ɗaya.

Mai yashi ya danna hon.

Biyu.

"Taka kuma! Taka mana, dattijon banza!" Mai Kunne ya dafe gaban mota da hannu biyu.

Uku. Ta zabura kamar an tsikare ta, iskar babbar motar ta girgiza musu gilashin baya, zagin direban ya bi su har bakin shagon mai taya.

Malam ya kashe mota. Kansa ya riga ya yi abin da ya iya. Tirela mai gudun kilomita sittin, daƙiƙa uku, mita hamsin. Ko ɗan aji ɗaya zai ci wannan.

"In mutuwa kake so, ka sauke ni tukuna, ina da jikoki," in ji Mai Kunne. Sai ya dubi fuskarsa, ya dubi sabon fentin ƙofar. "Matsa, ni zan mai da mu."

A gareji ya kwance robar da ke kai iska cikin inji, ya haska ciki. Akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ke buɗewa in an taka totur. Baƙar dauɗa ta daskare a gefensa kamar kwalta, sai ya manne kafin ya saki. Ya fesa masa ruwan wanki na gwangwani, ya goge da tsohon burushin haƙori, ya share da tsumma. Minti goma sha biyar. Ya tayar, ya taɓa totur da yatsa ɗaya, injin ya amsa nan take.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

"Da an kawo ta bara fa?"

Mai Kunne ya ninke tsumman a hankali. "Burushin nan ya fi shekara a wurina."

Auta na tsakar gida tana goge farar rigar aiki lokacin da ya miƙa mata makullin.

"Me ya ce?"

"Ya gyara."

"Ashe akwai abin gyarawa."

Ta ci gaba da guga. Ya wuce ɗaki ya zauna a bakin gado, sai a lokacin ya lura ƙafarsa ɗaya babu takalmi.

Ranar Laraba, washegarin haɗarin, a asibiti, matarsa ta farfaɗo na ɗan lokaci. Ta kama hannun rigarsa ta ce, "Na taka, Malam. Wallahi na taka." Ya gyara mata bargo, ya ce ta daina magana, ta huta.

Sai yau ya amsa mata a ransa: Kin taka. Motar ce, kuma kin gaya mini.