Tagar da Darakta Ta Toshe

"Asabar," in ji shugaban kwamitin gidan wasan kwaikwayon, yana kaɗa makullin motarsa. "In na shigo ranar Asabar ban ga matasa a kan kujerun nan ba, zauren ya koma na 'yan biki. Na gama magana."

Darakta ta raka shi har mota tana murmushin dole. Yana fita ta dawo da sassarfa. Me ya rage da ba ta yi ba? Ta liƙa fasta a ƙofar kowace makaranta, ta ce shiga kyauta ne. A wasan da ya wuce, iyayen 'yan wasa ne kawai suka zo, sai wani tsoho da ya shigo shan fanka.

Ta tsaya a tsakiyar zauren tana duba abin da zai ƙara jawo mata magana. Idonta ya sauka a kan tagar bayan dandamali, wadda gilashinta ya fashe tun bara.

"Kafinta!" Ta ƙwala wa ƙanenta kira, shi ke haɗa musu kayan dandamali. "Toshe min tagar nan yau ɗin nan."

"Yaya, me tagar ta ci miki?"

"Toshe na ce!"

Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko katako da ƙusa.

Washegari da la'asar aka fara gwajin wasa. Dogo, babban ɗan wasansu, ya zo wurin da yake hawa kujera yana cigiyar hular da ke kansa. Ya faɗo tim, ya kwanta yana jira. Shiru. Ya ɗago ya dubi katakon.

"Hajiya Darakta, ina mutanena?"

"Waɗanne mutane?"

"'Yan taga mana! Kullum in na faɗo a nan sai sun sheƙe da dariya."

"Ba masu jan labule ne ke dariyar ba?"

"Masu labule? Waɗannan ko cakulkuli aka yi musu ba za ki ga haƙorinsu ba."

Darakta ta jefar da takardun hannunta ta fita. Ta zagaya ta lungun baya, inda ba ta taɓa takawa ba. Ƙarƙashin tagar ga tsofaffin tayoyi da akwatunan lemo an jera su hawa-hawa, gajeru a gaba, dogaye a baya. A bango an rubuta da alli, "Wa ya ga hulata?" Gefe kuma an zana wata mata da tabarau a goshi, bakinta wangame, tana cewa, "A SAKE!"

Ta taɓa goshinta. Tabarau ɗin na nan.

A shagon cajin waya da ke bakin lungun ta same su, samari da 'yan mata cikin kayan makaranta. Suna ganinta aka fara zungurin juna.

"Ga A Sake nan!" wani ya raɗa.

Wata doguwar yarinya da suke kira Lasifika ta naɗe hannu a ƙirji. "Anti, in zanen ne, ni na yi. Kuma ya yi kama."

"Ya yi. Tun yaushe kuke kallonmu?"

"Tun Dogo bai iya faɗuwa ba."

"To me ya hana ku zuwa wasan kansa? Kyauta ne fa!"

Suka kwashe da dariya.

"Ta waccan ƙofar gilashin?" in ji Lasifika. "Mai gadi ya kalli takalminka ya kalli fuskarka? Sannan a kashe fitila a ce kowa ya yi shiru kamar ana jarrabawa? Haba Anti! Ai gwajin ya fi. A yi kuskure, ki daka tsawa, a sake. Mu ma muna tayawa a hankali."

"Kuma ƙarshen wasanku bai yi ba," wani mai faɗin kunne ya sa baki. "Ya za a ce matar Dogo ce za ta nuna masa hular? Ai sai mai kallo ya ji haushi."

Darakta ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "In na buɗe muku ƙofar baya ranar Asabar, na ce duk wurin da kuka ga dama ku ce a sake, za ku zo?"

Lasifika ta ƙanƙance ido. "Da ƙarfi?"

"Iya ƙarfinki."

"Anti, ba ki san abin da kika ja wa kanki ba. Amma a fara cire katakon nan."

Kafinta na zare ƙusoshin yana mita. "Jiya toshe, yau ɓalle. Gobe kuma ki ce in sa wa zauren taya."

Ranar Asabar shugaba ya iso cikin manyan kaya, ya zauna a layin gaba. Ya waiga, kujeru fayau. Ya dubi agogo, ya dubi Darakta. Ita kuwa ta kafa wa labule ido. Lasifika ta yi mata alkawari ne, ko kuwa shaƙiyanci ne irin na yara?

"To, Hajiya," ya fara, yana laluben makulli.

Sai hayaniya ta ɓarke a bayan labule. Ƙofar baya ta bugu da bango, suka kwararo ta kan dandamali suna dirowa ƙasa, wannan na jan wancan, kowa da abokan ajinsa. Kafin shugaba ya rufe baki kujeru sun cika, waɗanda suka rasa wuri sun yi cincirindo a tagar.

Aka fara. Dogo ya hau kujera, ya faɗo.

"A sake!" Muryar Lasifika ta tsaga zauren. "Ka riga kujerar faɗuwa!"

Shugaba ya miƙe fuska a murtuke. "Wannan wane irin rashin tarbiyya ne?"

"Baba, zauna, ka tare mana!" aka yi masa caa daga baya.

Ya zauna ba shiri. Darakta ta runtse ido. Shi ke nan, zaure ya tafi.

Dogo ya sake hawa, ya yi lilo, ya faɗo da kujerar gaba ɗaya. Zauren ya ɗauka da ihu. Da aka zo ƙarshe, mai faɗin kunnen nan ya tashi ya ce kada matar ta faɗa wa Dogo komai, a bar shi ya je ya sayo sabuwar hula. Dogo ya fita da gudu, ya dawo da hula a kan hula, yana taƙama, yana tambayar ko an ga tsohuwar.

"A sake!" wata kakkausar murya ta ce daga layin gaba.

Darakta ta buɗe ido. Shugaba ne, yana share hawaye da hannun riga, makullinsa a ƙasa.

Bayan an tashi ya same ta a bakin dandamali, yara sun kewaye ta kowa na kawo gyaransa.

"'Yan biki su nemi wani wuri," in ji shi. "Sai dai fa a gyara waccan tagar."

"A'a!" Zauren gaba ɗaya ya amsa, muryar Darakta a saman ta Lasifika.