Muryar da Ke Kiran Na'Allah

Saude ta durƙusa a gonar mahaifinta da ke Tozai, ta tona rami da yatsa. Ga geron nan, ya tsiro ya ƙone tun bai leƙo waje ba. Ta tona na gaba, shi ma haka. Kai, abin ba kyan gani!

Ita ce fa Dakta Saude da ake ji da ita. Da ta gama digirin digirgir a kimiyyar yanayi, wata cibiyar bincike ta ɗauke ta aiki, ita ce bincike, ita ce rubuta manhaja. Manhajar kan duba hotunan tauraron ɗan'adam, kullum da safe ta kira wayoyin manoma, ta gaishe su, ta faɗi labarin ruwa. Da aka rasa mai Sakkwatanci, Saude ta naɗi muryarta ta sa.

Bana, fari na bin fari, manhajar ta ce ruwan shuka na tafe. Mutanen Tozai suka ji suka watsar, dama sun saba. Mahaifinta Malam Na'Allah kaɗai ya kwashe ɗan irin da ya rage masa ya yi binne, ya zuba shi a busasshiyar ƙasa yana jira. Yayyafi ya zo ya ta da irin, sama ta ɗauke cak.

Yana tsaye a bayanta, hauya a kafaɗa. 'Yar farinsa ce, bai taɓa kama sunanta ba, ko ido ba ya haɗawa da ita.

"Baba, don mi ka yi shuka? Kowa bai yi ba."

"Ke kinka ce."

"Ba ni ce ba, Baba. Inji ne. Muryata kurum na sa mishi, kowa yake kira."

Tsohon ya sauke hauyar.

"Ashe shi ya sa. Kullum in kin ce ina kwana, sai in ce lahiya lau, ya aiki? Ba ki amsawa, ki wuce zancen ruwa. Na ce aiki ya yi miki yawa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Saude. Ta nemi ranar da ita da kanta ta ɗauki waya ta kira shi, wallahi ta kasa tunawa. Manoma dubbai ta gina wa abin, ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta mahaifinta na can yana amsa masa gaisuwa ba.

"Ka yafe mini," ta ce. "Za ni garin Isa gobe in nemo maka iri. Lambarka kuma yau za ni cire ta, ba ya ƙara kiranka."

"Irin dai ki kawo, in an samu." Ya mayar da hauyar kafaɗa, yana duban gabas. "Lambar ki bar ta. Na saba da gaisuwar."