Ciyawar Hedimasta

Hedimasta ya sake miƙewa ya leƙa ta tagar ɗakin jira, ko zai hango wani daga cikin mutanen unguwa da suka ce za su biyo bayansa. Harabar sakatariyar ƙaramar hukuma cike take da jama'a, amma ba nasa ba ne. 'Yan kasuwa ne, sun cika motocin bas sun zo, har da masu ɗaga kwalaye. Ya koma ya zauna a ƙarshen benci, ya gyara zaman tabaransa.

"Baba, ku nawa ne?" in ji sakataren da ke tsaron ƙofar Kansila.

"Ni ne."

"Na ga kai ne. Ina sauran?"

"Suna hanya."

Sakataren ya dube shi, ya dubi ƙofa. Tun safe suke hanya.

An daɗe da Hedimasta ya ajiye aikin makaranta, amma sunan ya bi shi, halin ma bai sake shi ba. Abin da ya kawo shi yau shi ne lambun shaƙatawa na unguwarsu, wani ɗan fili tsakanin bayan kasuwa da layukan gidaje, mai bishiyoyi da bencina da lilon yara. Da hukuma ta daina turo mai kula da shi, wurin ya koma juji. A shekarar da matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi, 'yarsa tilo kuma tana aure a wani gari mai nisa, sai ya ɗauki tsintsiya da manjagara ya shiga lambun. Ya kwashe shara, ya dasa ciyawa, ya jawo tiyo daga famfon gidansa, ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Yanzu 'yan kasuwa suna so a share wurin a shimfiɗa siminti, ya zama wurin ajiye motoci, kuma gobe kwamitin majalisa zai yanke hukunci. Idan lambun ya tafi, Hedimasta bai san inda zai nufa ba idan gari ya waye.

Sai da 'yan kasuwa suka shiga suka fito suna dariya, sannan aka kira shi.

Kansila mace ce mai matsakaicin shekaru, da alamar gajiya a idonta. Ta miƙe ta gaishe shi, ta nuna masa kujera. Shi kuwa bai zauna ba, don bai saba yin jawabi a zaune ba. Ya fara da amfanin bishiya ga iska, ya gangaro kan lafiyar tsofaffi, ya shiga tarbiyyar yara. Ya kwana biyu yana bitar jawabin nan a gaban madubi, kuma ya fita tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba. Ta bar shi ya kai aya.

"Baba, duk abin da ka faɗa gaskiya ne," ta ce. "Amma ka ga mutanen da suka fita yanzu? Cewa suka yi ba mai shiga wurin nan, kullum a kulle yake. Ni kuma gobe idan na tashi a gaban kwamiti, tambayar da za a yi mini ɗaya ce: su wa kike karewa?"

"Jama'ar unguwa, ranki ya daɗe."

"Ina suke?"

Ya buɗe baki zai ce suna hanya, sai ya ji kunya ta kama shi.

Wayarta ta yi ƙara, ta kife ta a kan tebur. "Ga abin da zan iya yi. Yau bayan la'asar zan bi ta unguwarku. Zan tsaya in ɗauki hoton wurin, in nuna wa kwamiti. In akwai mutane a ciki, yara, tsofaffi, ko su wane ne, ina da abin faɗa. In babu, Baba, kada ka ga laifina."

"Za ki same su," ya ce.

A cikin bas ɗin da ta mayar da shi gida, an matse shi tsakanin wata mai kwandon kaji da wani mai barci, yana ta lissafin waɗanda zai kira. Abin mamaki, duk wanda ya faɗo masa a rai, sai ya tuna rabuwarsu ta ƙarshe ba ta yi daɗi ba. Ya kawar da tunanin. Ai gyara ne ya yi musu, kuma gyara ba faɗa ba ne. Haka yake gaya wa iyayen yara tun yana makaranta.

Ya fara da mai shayi, wanda teburinsa yake can bakin kwalbati, inda ƙudaje suka fi masu saye yawa. Da can a ƙofar lambun yake, ƙarƙashin inuwa, tsofaffin unguwa suna zama wurinsa suna karta. Hedimasta ne ya tashe su, saboda ɓawon ƙwai da guntayen sigari.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne a ofishina?" in ji mai shayi, yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya. "Hala duniya ce za ta tashi."

Hedimasta ya yi masa bayani. Ya ce ya kwaso teburinsa ya dawo, yau ɗin nan, ya kira tsofaffin.

"Tsofaffin? Biyu sun rasu, ɗaya ƙafa ta kwantar da shi, sauran sun koma rumfar mai faci. Ni kuwa in na ɗaga teburin nan, kafin in dawo wani ya kafa nasa a gurbin. Kuma ka san abin dariya? In aka yi wurin motocin nan, direbobi shayi suke sha." Ya ga yadda fuskar tsohon ta canza, sai ya sassauta. "In kasuwa ta lafa zan leƙo, in sha Allah."

Daga nan ya ƙwanƙwasa gidan Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsa ta katanga ɗaya. Ta fito da kumfar wanki a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta saurare shi har ƙarshe.

"Baba, ni ba zan ƙi maka ba. Amma yaran nan, ko aike na yi musu ta wajen lambun, sai sun tsallaka titi sun bi ɗaya gefen. Tun ranar da ka busa musu usur ka sa su kamun kunne a kan fure ɗaya. Ƙaramin har fitsari ya yi a wando."

"Fure uku ne," ya ce, kafin ya kama bakinsa.

Ta yi ɗan murmushi, ta goge hannu a zani. "To, zan gwada lallashinsu."

Samarin unguwa ya same su a lungun bayan makaranta suna buga ƙwallo a kan tsakuwa, sun kafa duwatsu a matsayin raga, rabin wasan ciro ƙwallo ne daga kwata. Da suka hango shi wasa ya tsaya cak, ɗaya ya rungume ƙwallon ya ɓoye a bayansa. Wannan ya yi wa Hedimasta ciwo fiye da maganar mai shayi. Ya kira babbansu, wanda suke ce wa Kyaftin, ya ce yau an ba su izini, su zo su buga a kan ciyawa.

"A kan ciyawa?" Kyaftin ya waiwayi abokansa. "Baba, tarko ne?"

"Ba tarko ba ne. Ƙwallayenku ma da na karɓe, duk suna nan, zan mayar muku."

"Wancan na farkon ai ina firamare ka ƙwace shi. Yanzu ga gemu." Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya ce. "Za mu gani, Baba. Bari mu ƙarasa wannan."

Ya koma gida ya yi salla, bai iya cin komai ba. Wayarsa ta yi ƙara, 'yarsa ce. Ta tambaye shi ko ya sha maganinsa, ta tambayi yadda aka yi da Kansila. Ya ce lafiya lau, jama'a sun ba da goyon baya. Ta ce alhamdu lillahi, sai kukan jariri ya taso daga can, ta ce za ta sake kira. Ya daɗe riƙe da wayar bayan ta katse. Ya so ya gaya mata cewa yau ya zaga unguwar da ya tsufa a cikinta, bai sami ko mutum ɗaya da ya ce masa shigo ka zauna ba.

Ya jawo buhun ƙwallayen daga ƙarƙashin gado. Duk sun sace, wasu fatarsu ta tsattsage. Ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi lambu.

Ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, har ɓangaren da ya yi tsatsa don rashin buɗewa. Ya cire allunan da ya rubuta da hannunsa, na hana taka ciyawa, na hana tsinkar fure, na hana hayaniya, ya jingine su a bayan bishiya. Ya kwance sarƙar da ya ɗaure lilo da ita tun lokacin da ya lura ƙafafun yara suna haƙa rami a ƙarƙashinsa. Ya share bencina da gefen rigarsa. Sannan ya zauna a na tsakiya, buhu a gefensa, ya fuskanci ƙofa.

Mutane suna ta wucewa a titi. Wasu sukan rage tafiya su dubi ƙofar da ke wangale, su dube shi, su ɗaga hannu, su wuce. Wata mata da goyo ta tsaya kamar za ta shigo, ya yunƙura da sauri don ya yi mata maraba, ita kuwa ta ɗauka korarta zai yi, ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ta ƙara sauri. Daga lungun bayan makaranta yana jiyo ihun samari, an ci wani. Inuwar bishiyoyi ta miƙe ta rufe rabin fili. Wurin ya yi kyau ƙwarai, bai taɓa yin kyau kamar yau ba, kuma Hedimasta bai taɓa jin kaɗaici irin na yau ba, ko a ranar da masu zaman makoki suka watse suka bar shi da kujeru.

Wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Kansila ta fito ita kaɗai, direba ya zauna a ciki. Ta shigo a hankali tana dube-dube, ta bi ta kan 'yar hanyar duwatsun da ya jera, don ita ma ba ta ga fuskar taka ciyawar ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Baba, kai kaɗai ka yi wannan?"

"Ni kaɗai, ranki ya daɗe." Duk da halin da yake ciki, sai da ya ji daɗi ya ratsa shi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan a garin nan ba. Kamar ba a taɓa taka ta ba." Ta dubi bencina, ta dubi lilo. Ba ta tambaye shi ina mutanen ba, kuma ya gode mata a zuci. Ta ciro waya. "Bari in ɗauka, tunda na yi alkawari."

Da ya ga ta ɗaga wayar, sai idonsa ya faɗa kan buhun, tsohon buhu mai datti a tsakiyar fili. Ya yi wuf ya ja shi ya kai bayan bishiya. Ya dubi rigarsa, duk tsatsar ƙofa da ƙurar benci. Shekarun da ya yi yana shirya hoton ƙarshen zango sun koya masa cewa abu ɗaya mara tsabta yakan ɓata hoto duka. Ya zagayo ya tsaya a bayanta.

"Baba, koma ka zauna mana."

"A'a, ranki ya daɗe, dubi jikina. Kada in ɓata miki. Ki ɗan matso nan, daga wannan kusurwar furannin sun fi fitowa."

Ta juyo ta dube shi, kamar za ta ƙara magana. Wayar ta fara ruri a hannunta, wani taron yana jiranta. Ta matsa inda ya nuna, ta ɗauka, ta miƙo masa ya gani.

Ya kawo fuskarsa kusa, ya ɗaga tabarau. Ciyawa shar, furanni a jere, bencina fes, hasken yamma ya sauka a kan komai daidai. Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito.

"Ya yi," ya ce. "Wallahi ya yi."

"Allah ya saka maka da alheri, Baba," ta ce a hankali, ba ta haɗa ido da shi ba. Ta amsa wayar tana tafiya.

Ya raka ta har bakin ƙofa, yana ɗaga hannu. Sai da motar ta karya kwana ta shige cunkoson bayan kasuwa, sannan ya tuna abin da aka zo ɗauka. Mutum ɗaya ne daga unguwar ya zo lambun yau, wato shi, kuma shi ne ya fitar da kansa daga hoton.

Hannunsa ya sauko. Ya ɗan tsaya a bakin titi, masu babura suna kauce masa. Sannan ya juya ya shiga, bai bi ta kan duwatsun ba, ya ratsa ta tsakiyar ciyawa, ya je ya zauna a bencin tsakiya, daidai inda aka ce ya zauna.